Shingen da Na Nema Kafin Sa Rana

Jama'a, assalamu alaikum. Kwana goma sha biyu ban leƙo shafin nan ba. Na ga saƙonninku duka, har da na mai cewa ko an ɗaura ne a ɓoye ban gayyace ku ba. Ba a ɗaura ba. Abin da ya riƙe ni ya fi biki nauyi, kuma sai yau na samu sukunin ɗaukar salula in rubuta.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Hafiza, shekarata ashirin da biyar. Ina koyar da ƙananan yara a ajin jardan, wato na share fage, a wata lakwal, makarantar boko, a nan Tasawa. Yara talatin da takwas gare ni, kuma aikin ya bar mani wata ɗabi'a da ƙawayena ke yi mani dariya a kanta. Duk inda na shiga, ko gidan suna ne, sai na tsinci kaina ina ƙidaya kawunan yara.

Mai nemana kuwa Yusha'u ne, ɗan kasuwar wake da riɗi, dogo, mai sanyin magana. Matarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce, ta bar masa ɗiya guda, Ummi, 'yar shekara uku da rabi, wadda ke ajina. A bakin ƙofar ajin muka fara gaisawa, ranar da ya zo ɗaukarta ta ƙanƙame zanena ta ce ba ta tafiya sai da Madam. Daga nan ne dai abin ya tafi yadda kuka sani. Ina son mutumin nan, in faɗa maku tun yanzu, don kada abin da zan ba ku labari ya sa ku yi zaton wani abu daban. Manya sun shiga magana, abin da ya rage kawai a sa rana.

Ana haka ya gama ginin gidansa a bayan gari, gefen hanyar Maraɗi. Wata ranar Talata ina zaune a gindin itacen dogon yaro lokacin hutun ƙarfe goma, ina ɓare wa wani yaro leda, saƙonsa ya shigo. Hoto ne. Wani dogon tabki na siminti a tsakar gida, an lulluɓe shi da tayil masu launin sararin sama, ruwan tas kamar a sa koko a sha. Irin wanda ake kira fisin, wanda nake gani a otal-otal na Yamai cikin talabijin. A ƙasa ya rubuta:

"Madam, ga tabkinki. Zafin bazara ya ƙare maki."

Ba kyan na gani ba. Abin da na gani shi ne daga ƙofar falo zuwa bakin ruwan bai fi taku shida ba, kuma ba abin da ya shiga tsakani. Bara wasu sojojin kwana-kwana sun zo lakwal ɗinmu sun yi mana horon kwana uku kan agajin gaggawa. Babbansu ya faɗi wata magana da ta zauna mani a rai. Ya ce yaro in ya faɗa ruwa ba ya ihu, ba ya fantsama, shiru yake nutsewa, kuma kafin mace ta gama ɗaurin kallabi an wuce wurin.

Na rubuta: "Masha Allah. Ina shinge?"

"Wane shinge kuma? Ga katanga ta zagaye gida."

"Katanga na tare ɓarawo ne. Me zai tare Ummi?"

Ya turo fuskar nan mai dariya har uku. "Shinge zai ɓata tsarin wurin. Akwai maigadi, akwai Hajiyarmu, ga ki kuma. Ido nawa ke nan?"

A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Raina ya ɓaci da dariyar, yatsuna suka riga hankalina. Na rubuta: "Ba tabki ka haƙa ba, Baban Ummi, kabari ka haƙa a tsakar gida. Kuma ni ba za a sa mani rana ba sai an zagaye shi."

Na ga alamar ya karanta. Na ga ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Bai turo kome ba.

Mutumin da ya sa matarsa a rami da hannunsa, shi na yi wa zancen kabari. Magana zarar bunu ce. Na yi ta kallon saƙon nan har aka buga ƙararrawa, na so in goge, na ga gogewar ba ta da amfani tunda ya riga ya shiga ido.

Kafin kwana biyu zancen ya iso gidanmu. Yusha'u bai kai ƙara ba, mahaifiyarsa Hajiya Lalla ce ta tambaye shi abin da ya hana a aiko sa rana, shi kuma ba ya iya yi mata ƙarya. Daga bakinta ya faɗa kunnen Goggo Hamida, ƙanwar babanmu, wadda in kana son labari ya kai Mayahi kafin la'asar, to ka gaya mata da hantsi.

Na dawo daga lakwal na tarar da ita zaune kan tabarma a rumfar Inna, ta tuɓe mayafi ta ajiye a cinya, tana fifita da marfin kwano. Innarmu Mairo na gefe tana tsince zogale.

"Zo nan, 'yar boko," in ji Goggo. "Zamna. Wai da gaske ne abin da na ji?"

"Me kuka ji, Goggo?"

"Ɗiyan mutane suna neman akwati da gado, ke shinge kike nema? Akuya ce ke?"

"Goggo, saboda yarinyar ne."

"Yarinyar da ba ke kika haifa ba! Kakarta na nan da ranta. Ba ki shiga gida ba kin fara ba da umarni, me kike so su ce da mu? Hajiya Lalla ta ce wai tun yanzu malama ta fara ba su darasi." Ta tafa hannu. "Ke kin san 'yan mata nawa ne a garin nan ke shafa hoda in motar yaron nan ta wuce? Tsautsayi in zai zo, ko a cokali sai ya zo. Mairo, ki yi mata magana mana!"

Inna ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsinkar ganyenta, sai dai na lura hannunta ya tsaya cak na ɗan lokaci kafin ya ci gaba. Ta ce, "Tashi ki ci abinci, Hafiza."

Sati guda muka yi ni da Yusha'u a kan gaisuwar nan ta mutanen da ba su san juna ba. "An tashi lafiya?" "Lafiya lau." "Ya aiki?" "Da godiya." Na ba shi haƙuri ta murya, na ba shi a rubuce, ya ce ba kome, ya wuce. Amma mace ta san ba kome da ke da kome a cikinta. Ya daina zuwa ɗaukar Ummi da kansa. Ina kallon ƙofar aji duk ƙarfe goma sha biyu kamar wata sakarya.

Sai ga gayyata. Za a yi saukar Alƙur'ani da walimar buɗe gida ranar Asabar. Ya rubuto: "Hajiya ta ce ku zo ke da Goggo da Yaya Zara'u." Ba "ina jiranki", ba kome. Na ce a raina, to, ko ba don kai ba zan zo don in ga Ummi.

Ranar na ɗau lokaci a gaban madubi, ba zan ɓoye maku ba. Na sa doguwar riga ta atamfa mai ruwan ƙasa da zanen ganye, na naɗa lafaya mai launin zuma da Yaya Zara'u, babbar yayata, ta kawo mani daga Damagaram, lallen da na sa ranar Alhamis ya kama ya yi baƙi sosai. Na fesa humra kaɗan. Goggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yanzu kika yi kama da mai son aure. Saura ki rufe bakin nan."

Gidan ya yi kyau, gaskiya. Ƙofa babba mai ruwan toka, filawoyi a jere, falo mai faɗi da kujeru masu laushi da labule har ƙasa. Maza na waje a ƙarƙashin rumfar da aka kafa suna karatu. Mata kuwa an shimfiɗa mana darduma a tsakar gida, a inuwar baranda, dab da ruwan. Mun kai mu talatin. Ga manyan kuloli na shinkafa da miyar kaji, ga dambu, ga fura a ƙwarya, ga lemun zaƙi cikin ƙanƙara. 'Yan mata sai ɗaukar hoto suke a bakin fisin, wannan ta karkace, waccan ta turo baki. Wani ya jefa ƙwallon roba ja a ruwan don ado, yana ta yawo a kai.

Ummi ta hango ni ta sheƙo da gudu, cikin 'yar riga rawaya mai tattara, an yi mata kitso da duwatsu farare.

"Madam! Kin ga tabkin Abbana?"

"Na gani. Amma ba a zuwa bakinsa sai da babba, kin ji?"

Ta gyaɗa kai. Ku da kuke da yara kun san darajar gyaɗa kan 'yar shekara uku.

Na ƙirga. Yara goma sha ɗaya. Na zauna inda zan riƙa ganin ruwan, na ƙi juya masa baya ko da Goggo ke zungurina in matso cikin mutane. Maigadin da aka ce zai lura, tun shigowarmu na ga an aike shi kai wa maza tire.

Bayan azahar wata yarinya ta zo ta ce Hajiya na kirana a ciki. Na dafa kafaɗar Yaya Zara'u na ce, "Don Allah ki sa ido a kan yaran nan." Ta ce to, tana ƙoƙarin ba jaririnta nono.

Hajiya Lalla na zaune a kan kujera a ɗakinta, farar mace mai jiki, cikin shadda fara da tabarau, carbi a hannu. Na durƙusa.

"Hajiya, kun wuni lafiya? Allah ya sanya alheri."

"Amin. Ke ce malamar?" Ta san ni sarai, ta sha ganina. "Na ji an ce ginin namu bai yi maki ba."

"Ba haka ba ne, Hajiya. Gida ya yi kyau."

"Ɗiya bakwai na haifa, na raine su a gidan da ke da rijiya a tsakiya. Ko guda bai faɗa ba. Da ido ake rainon yaro, ba da ƙarfe ba."

Na sunkuyar da kai ina sauraro. Ta ci gaba da magana a kan ladabi, a kan yadda mace ke shiga gidan mutane da ƙafar dama da baki a rufe. Ni kuwa ta tagar da ke bayanta ina hango tsakar gida, kuma ba tare da na yi niyya ba bakina ya fara motsi. Ɗaya, biyu, uku. Takwas, tara, goma.

Goma.

Na sake. Goma. Ba rawayar riga.

"Hajiya, ina Ummi?"

Ta yamutsa fuska don na katse ta. "Tana wurin mata mana."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fito baranda ina cewa, "Ina Ummi? Wa ya ga Ummi?" Wata ta ce tana wurin kakarta. Wata ta ce yanzun nan ta gan ta, ƙila ta tafi wurin babanta. Yaya Zara'u ta ɗago a firgice ta ce ita ta zaci ni ta biyo. Kowa ya bar wa kowa.

Na kutsa tsakanin wasu 'yan mata uku da suka juya wa ruwan baya suna kallon hoto a salula. Ƙwallon nan ja yana dab da gefe. A ƙarƙashinsa kuma, cikin ruwan nan mai kyau, ga rawayar riga ta buɗe kamar laima. Ba motsi, ba ƙara. Tsakaninta da ƙafar 'yan matan bai kai taku biyu ba.

Jama'a, ni ban iya iyo ba. Ban tuna da haka ba sai bayan na faɗa ruwan. Allah ya taimake ni gefen da ta faɗa ba shi ne mai zurfin ba, ruwan ya tsaya mani a wuya. Lafayar ta jiƙe ta nannaɗe mani ƙafafu, na kusa kifewa. Na kamo ta ta hammata na ɗago, na tura ta kan dakali, wata mata ta ja ni na fito.

Jikinta ya saki, leɓɓanta sun yi shuɗi. Wuri ya kaure da salati da kururuwa. Goggo Hamida ta rarumo ƙafafun yarinyar tana cewa, "A juya ta ƙasa! A matse cikin ruwan ya fita!"

Ban taɓa ɗaga wa Goggo murya ba tunda aka haife ni. Ranar na ce, "Sake ta, Goggo! Kowa ya ja baya! Yaya, kira babanta ya tada mota!"

Na kwantar da ita rigingine a kan tayil. Na ɗan ɗaga haɓarta, na kai kunnena bakinta. Ba numfashi. Na toshe hancinta na hura mata iska a baki sau biyar, ina kallon ƙirjinta yana tashi. Na sa tafin hannuna guda a tsakiyar ƙirjin na fara dannawa ina ƙirgawa da ƙarfi, yadda sojan nan ya sa muka yi ta yi a kan ɗiyar roba har muna ƙorafin gajiya. Talatin, in hura biyu. Talatin, in hura biyu. Ina jin Hajiya a bayana tana kiran sunan Allah da wata murya da ba irin ta ɗazu ba. Na ga ƙafafun Yusha'u sun iso sun tsaya, ba takalmi, sannan gwiwoyinsa sun sauka ƙasa.

A zagaye na huɗu jikinta ya yi wata zabura. Ta yi tari, ruwa da shinkafa suka biyo. Na juya ta a kan gefenta. Sai ta tsala wani kuka.

Shekara uku ina aikin lallashin yara su daina kuka. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba.

Mata suka hau hamdala, wata har da guɗa. Aka ce shi ke nan, a ba ta ruwan zafi ta kwanta. Na ce a'a, sai likita, ko da ta tashi tana rawa ne, don ruwan da ya shiga huhu yakan tada ciwo daga baya. Wannan karon ba wanda ya yi mani gardama. Na tuɓe mata jiƙaƙƙiyar rigar, Hajiya ta ciro mayafinta da kanta ta miƙo aka naɗe ta.

A gidan likita suka karɓe ta da sauri, suka sa mata iska, suka ce za su riƙe ta kwana biyu su ga yadda numfashin zai yi. Da la'asar ta yi barci, Hajiya na gefen gadonta. Na fito na zauna a kan benci a baranda cikin zanen aro da hijabin wata ma'aikaciya, atamfata na ɗigar ruwa a leda. Yusha'u ya zo ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Idanunsa sun yi ja.

"Gobe zan sa a kawo tifa," in ji shi. "A cike shi da ƙasa."

"Baban Ummi."

"Kin faɗa mani. Da bakinki kika kira shi da sunansa, na yi fushi."

"Sunan da na kira shi bai dace ba. Da na iya magana, da ƙila ka ji ni tun ranar. Ka yafe mani."

Ya rufe fuska da tafukansa. Kafaɗunsa suna rawa. Na kau da kai na ba shi wuri, don namiji ba ya son a kalle shi a irin wannan hali.

Da ya natsu na ce, "Gidanka ne, in ka cike ba mai ganin laifinka. Amma ka cike wannan, damina na zuwa, tabkunan garin nan za su cika. Akwai baho, akwai randa, akwai gidan ƙawaye. Ba za ka bi duniya da tifa ba."

"To me zan yi, Hafiza? Faɗa mani, wallahi ko me kika ce."

"A zagaye shi ta kowane gefe, har da ɓangaren falo. Ƙarfen ya kai ƙirjinka, a yi shi a tsaye ba inda ƙafar yaro za ta taka, kuma kada kanta ya iya shiga tsakani. Ƙofar ta riƙa rufe kanta, sakatar tana can sama. In an gama wanka a kwashe duk abin wasa, ƙwallon nan ne ya kira ta. In yara na ciki, mutum guda ya zauna ba shi da wani aiki sai kallonsu, ba salula, ba hira, in zai tashi ya kama hannun wani ya ce na ba ka. Yau mu talatin ne a wurin."

Yana ta gyaɗa kai kamar ɗan ajina.

"Kuma in ta warke, ta daina tsoro, a samo wanda zai koya mata iyo. Ni ma a samo mace ta koya mani."

Ya ɗago da sauri. "Ba ki iya ba?"

"Ko kaɗan."

"Kika faɗa?"

"Ban tsaya shawara ba."

Ya daɗe yana kallona, irin kallon da na yi sati ina nema a ƙofar aji. Ya ce, "Allah ya ba ni ikon riƙe ki yadda ya kamata." Na ce amin a ciki, na gyara hijabin aro.

Da na koma gida, Goggo ta riga ni isa da labari. Na tarar tana ba maƙwabta, kuma a nata labarin ita ce ta fara cewa a nemi yarinyar. "Ni dama tun da na ga ramin nan na ce bai kwanta mani ba!" Washegari Yaya Zara'u ta ce ta ga Goggo ta kife duk bahunan gidanta, ta ɗora dutse a kan marfin tanon ruwa, ta kuma bi gidajen 'ya'yanta tana masifa a kan bokitin wanki.

Inna ce ba ta ce mani kome ba sai da gida ya watse. Da hantsin Lahadi ta kira ni ɗakinta, ta zaunar da ni a bakin gado, ta kama hannuna na dama tana juya shi kamar yau ta fara ganinsa.

"Da wannan kika danna?"

"Da shi, Inna."

"Kafin Zara'u na yi ɗa namiji," ta ce. "Habibu. Muna garin Urafan lokacin. Shekararsa biyu da wata huɗu. Na jiƙa wanki a baho, na shiga ɗaki ɗauko sabulu, na tsaya gyara shimfiɗa. Ruwan bai kai gwiwa ba. Na fito na tarar da shi kife a ciki. Muka juya shi, muka matse, muka yi ta kiransa. Ba wanda ya san abin nan da kika yi. Aka ce kwana ne ya ƙare, na karɓa. Babanku bai sake ambatarsa ba don kada in ji ciwo, ni ma haka."

Shekara ashirin da biyar ina ɗiyar matar nan ban san ina da yaya namiji ba. Na kwantar da kai a cinyarta muka yi kuka mu biyu, ita tana shafa kitsona.

"Ranar da Hamida ke maki faɗa na so in yi magana," ta ce, "bakina ya ƙi buɗewa. Kin yi daidai, ɗiyata. Ko ba a sa ranar ba kin yi daidai."

An sallami Ummi ranar Litinin. Ta dawo aji bayan sati, ta rame kaɗan, kuma ba ta yarda ta matsa daga jikina, ko allo zan goge tana riƙe da gefen zanena. Amma tana ci, tana dariya, jiya har ta ƙwace wa wani alli.

Shekaranjiya Yusha'u ya turo mani bidiyo. Masu walda sun gama. Farin shinge ya zagaye ruwan tsaf. Ya buɗe ƙofar ya sake ta, ta koma da kanta ta ce ƙaras. Ya sake buɗewa, ta sake rufewa. Sau biyar ya yi, kamar yaron da aka saya wa sabon abin wasa. A ƙasa ya rubuta: "Bai ma ɓata tsarin ba." Na tura masa fuskar dariya guda uku. Ramuwa ce, ya gane.

To, jiya Laraba da la'asar ina tsakar gida ina wanke wa Inna kwanoni, daga ni sai zane da tsohuwar riga, hannuna duk toka, muka ji tsayuwar mota. Na zaci shi ne. Sai muka ji sallamar mace. Hajiya Lalla ce da kanta, ita kaɗai, ba 'yar rakiya. Matar da ake cewa ko gidan 'ya'yanta sai an yi sa'a take takawa.

Inna ta rasa inda za ta sa ta. Aka shimfiɗa darduma, aka kawo ruwa. Na gudu zan sako hijabi, ta ce, "Dawo, malama. Haka nake son ganinki."

Na durƙusa nesa kaɗan. Ta ce in matso. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Na yi maki magana mai zafi a ɗakina, jikata tana cikin ruwa a lokacin. Ke kina ƙirga yara, ni ina ƙirga laifinki. Ki yafe mani."

"Hajiya, don Allah ku bari. Ku iyaye ne."

"Iyaye ma suna kuskure. Abu biyu ya kawo ni. Na farko, matan unguwarmu sun ce in roƙe ki, ki zo ki koya mana abin nan da kika yi da hannu da baki. Ni ce ta farko a layi, in tsufa bai hana ba."

Na ce da yardar Allah, zan ma nemi waɗanda suka koya mana su zo da ɗiyar robar.

"Na biyu kuma." Ta dubi Inna, ta dube ni. "Dangin uwar Ummi mutanen garin Gidan Amumune ne. Labari ya kai masu. Kakanta na wajen uwa ya aiko cewa amanar da suka bar mana mun yi sakaci da ita, za su zo su tafi da ita. Ban ga laifinsu ba, ko ni ce haka zan yi. Tun daren jiya Yusha'u bai ci abinci ba, ya hana a gaya maki."

Na ji kamar an sake tsoma ni a ruwan nan. Ummi a wani gari, wata ta yi mata kitso, wata ta goge mata hanci.

"Amma tsohon ya faɗi magana guda," in ji Hajiya. "Ya ce ba ya son jin bakina, ba ya son jin na Yusha'u. Ya ce a kawo masa yarinyar da ta faɗa ruwa ba ta iya iyo ba. In ya dubi idonta ya ga abin da yake nema, zai bar mata jikarsa, ba mu ba. Ranar Juma'a bayan masallaci za su iso."

Na juya na kalli Inna. Ba a sa mani rana ba, ba a kawo goro ba, a al'ada ba ni da ta cewa a zaman mutanen nan. Inna ta ɗauki butar da ke gefenta, ta kamo hannuwana ta zuba mani ruwa, ta wanke tokar da kanta.

"Tashi ki duba kayan da za ki sa," ta ce. "Tare za mu tafi."